Zauren Hajiya Ma'aji: An Ƙaddamar da Gidauniya, Malamai Kuma Na Bin Albashi

Assalamu alaikum. Wasiƙun da suka taru mini a wannan karo kusan duk a kan gidajen marayu ne da makarantunsu, don haka na ba su filin yau gaba ɗaya. Ga sababbin masu karatu, aikin akanta na yi har na yi ritaya, yanzu kuma ni ke riƙe da littafin kuɗi na wata ƙungiyar mata da ke kula da wani gidan yara da 'yar makarantarsa. Na taƙaita wasiƙun saboda fili.

TAMBAYA: Hajiya, barka da aiki. Ni ne sakataren kwamitin wani gidan marayu a garinmu. Muna da yara 43 da makarantar firamare mai aji huɗu a cikin gidan. Bayan ƙaramar sallah muka ƙaddamar da gidauniya, manyan baƙi suka zo, aka yi alƙawarin naira miliyan 18. Yau wata bakwai ke nan, abin da ya shigo hannu bai kai miliyan 5 ba, kusan miliyan ɗaya kuma ta tafi a hidimar taron. Malamanmu na bin mu albashin wata uku, biyu sun riga sun ajiye aiki. Wasu 'yan kwamiti sun ce mu karanta sunayen waɗanda ba su cika ba a rediyo. Mece ce shawararki?
Malam Sakatare, Funtuwa

AMSA: Malam, sannu da ɗawainiya, Allah ya ba da lada. Maganar rediyo dai ku ajiye ta. Ranar da kuka tona asirin mutum ɗaya, duk mai niyyar taimaka muku zai ce gobe ni ne, ya ja da baya.

Na san irin wannan taro kamar yunwar cikina. An kafa rumfuna, an yi hayar kujeru da lasifika, an ɗauko mai gabatarwa mai zaƙin baki. Babban mai ƙaddamarwa bai samu zuwa ba, ya turo wakili. Wakili ya karɓi makirufo ya ce, "A madadin maigida, naira miliyan biyar," wuri ya kaure da kabbara. Na kusa da shi ya ga ba zai yi ƙasa da haka a bainar jama'a ba, shi ma ya faɗi nasa. Ma'aji na can ƙarshen tebur yana ta rubutu, jakarsa kuwa ba komai sai 'yan dubu-dubu da ɗari biyar-biyar da mutanen da ke tsaye a rana suka miƙo. Ka buɗe littafinku ka duba, Malam. Zan yi mamaki idan mafi yawan abin da ya shigo ba daga masu ƙananan alƙawari ya fito ba.

Ba duk wanda bai cika ba ne mayaudari. Wani da zuciya ɗaya ya faɗa, kasuwa ta juya masa baya. Wani wakilinsa ne ya faɗi abin da ba a aiko shi da shi ba. Wani kuma jira yake a zo, don a ganinsa mai nema shi ke biyo sawu. Ku rubuta wa kowa takardar godiya, a ambaci adadin da ya faɗa da lambar asusun gidan. Kada a ba yaro ya kai. Mutum biyu su je, ɗaya ya kasance dattijon da yake jin nauyinsa, kuma gida za a same shi, ba ofis ba, ba bakin kasuwa ba. Ku buɗe masa hanyar da zai fita kunya: a raba biyan kashi huɗu, ko ya ba da kaya a maimakon kuɗi. Mai sayar da siminti ya fi jin sauƙin a ɗebi buhu 50 a shagonsa da a ce ya zaro kuɗinsu daga aljihu. In an je sau biyu ba labari, a bar shi da Allah, a cire adadin daga lissafi, kada a sake gina kasafi a kansa.

To amma ko da an biya miliyan 18 ɗin cif, da baɗi war haka sai ka sake rubuto mini. Gidauniya kuɗin rana ɗaya ce, yara kuwa kullum sai an ɗora musu tukunya sau uku, malami kuma duk ƙarshen wata iyalinsa na jiran cefane. Gidauniya ta dace da aikin da ake yi sau ɗaya a gama, irin su rufin kwano, katanga ko rijiyar burtsatse. Abinci da albashi da magani, kuɗin wata-wata ne ke riƙe su, kuma shi ne ba ku da shi.

Ɗauki biro. Mutum 300, kowa naira 2,000 a wata, naira 600,000 ke nan, miliyan 7 da dubu 200 a shekara. Ya fi abin da taronku ya kawo, ba rumfa, ba lasifika. Funtuwa ba ta rasa mutum 300 da za su iya wannan ba: 'yan kasuwar hatsi, mahauta, teloli, direbobin tasha, malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, matan Islamiyya masu adashi. Kowane rukuni yana da shugabansa da ranar taronsa. Ku shiga ta hannun shugaba, su da kansu su naɗa mai karɓa a cikinsu, ku ba shi littafin rasit mai lamba. Mai albashi ya cike takarda a banki a riƙa cire masa kai tsaye ranar da albashi ya shigo, kafin hidimar gida ta cinye. Idan wani ya ce dubu biyu ai ta yi kaɗan a kai wa marayu, ku tuna masa hadisin Nana A'isha da Buhari da Muslim suka ruwaito, cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne.

Kuna kuma ƙasar masara, ga kasuwar Dandume kusa da ku. Manomi ba ya son a tambaye shi kuɗi a watan Yuli, lokacin da taki ya cinye masa komai, amma ku je masa da kaka ku ga. Wani buhu, wani rabi, wani tiya goma. Wake a zuba shi a buhun nan mai leda biyu a ciki wanda ba ya shan iska, a ɗaure tam, ƙwaro ba zai ci ba kuma ba sai an barbaɗa magani a abincin yara ba. Mu a wurinmu tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 muka daina rubuta kasafin abinci da naira kawai, don adadin da aka rubuta a farkon shekara ba ya kai ƙarshenta. A buhu da jarka muke rubutawa: masara kaza, shinkafa kaza, manja jarka kaza. Mai taimako ma ya fi gane wannan.

Saura abin da zai sa mutum 300 ɗin nan su ci gaba da bayarwa a wata na bakwai, bayan zumuɗin farko ya wuce. Lissafi ne. Takarda ɗaya tak duk wata: abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage. A liƙa a ƙofar gidan da allon masallaci, a tura wa masu bayarwa ta WhatsApp. Asusu ya zama da sunan gidan, ba da sunan shugaba ko ma'aji ba, komai gaskiyarsu. Wannan na nufin ku yi rajistar amintattu a hukumar CAC mai rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ku karɓi takardar SCUML, sashen sa ido kan halatta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, don bankuna na neman ta kafin su buɗe wa ƙungiya asusu. Masu sa hannu uku, kuɗi ba sa fita sai biyu sun sa, kuma kada biyun su zama wa da ƙani ko mata da miji. Mai riƙe kuɗi daban, mai zuwa kasuwa daban, mai makullin sito daban. Za a sami dattijon da zai ce an raina masa mutunci don an nemi ya kawo rasit. Ku karanta masa aya ta 6 a Suratun Nisa'i, inda Allah ya ce wa waliyyan marayu su kafa shaidu idan za su miƙa musu dukiyarsu. Waliyyi ke nan, ɗan'uwa na jini, aka ce ya kafa shaida.

Game da malamanku, daga abin da ya rage a hannu su za a fara biya, ko da ginin da kuka yi niyya zai tsaya. Ku kira su ku buɗe musu littafi su ga gaskiyar lamarin, ku sa ranar biyan sauran. Daga nan a buɗe wa albashi asusunsa na daban wanda ba a taɓa shi don sayen shinkafa.

TAMBAYA: Hajiya, ina gaisuwa. Ni ɗan kasuwa ne, zakkata ta bana ta kai naira miliyan 4. Ina so in gina wa wani gidan marayu aji biyu da ita, don ta zame mini sadaka mai gudana. Wani abokina ya ce ba ya halatta. Ashe maraya bai fi kowa cancantar zakka ba?
Alhaji, Kantin Kwari, Kano

AMSA: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Abokinka yana da hujja. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa mutum takwas da ake ba zakka: faƙirai, miskinai, ma'aikatan zakka, waɗanda ake lallashin zukatansu, 'yanta bayi, masu bashi, tafarkin Allah da matafiyi. Maraya yana shiga ne ta ƙofar talauci. Wanda mahaifinsa ya bar masa dukiya ba a ba shi, a mazhabarmu ta Malikiyya ma waliyyinsa ne zai riƙa fitar da zakka daga dukiyar tasa. Sannan mafi yawan malaman mazhabobi sun tafi a kan cewa zakka mallaka wa mabuƙaci ake yi, ba a gina masallaci ko makaranta da ita. Wasu malaman zamani sun faɗaɗa ma'anar tafarkin Allah har ta haɗa da irin wannan, amma me zai kai ka wurin saɓani alhali ga hanya a share? Ka ba da zakkar ga yaran ta hannun masu kula da su, a rubuta sunan kowa da rabonsa, a yi musu abinci, sutura, magani da kuɗin jarrabawa. Ka tabbata gidan yana ajiye kuɗin zakka daban da na sadaka. Idan a tukunya ɗaya suke zubawa, ka nemi su raba kafin ka miƙa. Ka zauna da malaminka ka faɗa masa tsarin kafin ka fitar.

Ginin kuwa ka yi shi da sauran dukiyarka. Amma tun da sadaka mai gudana kake nema, bari in faɗa maka abin da na gani. Ajujuwa suna da masu son gina su, don ana rubuta suna a jikin bango. Na shiga aji mai sabon fenti da fanka, yara na zaune a kan benci suna jira, ba malami, don babu mai biyansa. Kai ɗan kasuwa ne, ka san darajar shago. Ka sayi shago ɗaya ko ka ware daga naka, ka yi waƙafinsa, kuɗin haya su riƙa biyan malami. Asalin abin ke nan: Sayyidina Umar ya sami gona a Khaibar, Annabi (SAW) ya ba shi shawarar ya tsare asalinta ya yi sadaka da amfaninta, ba a sayarwa, ba a kyauta, ba a gado.

Ka kula da abu guda. A Malikiyya sai waƙafi ya fita daga hannunka zuwa hannun masu kula da shi tun kana da rai da lafiya. Idan ka bar shi a baki har ta Allah ta kasance, magada na da magana. Ka rubuta, ka kafa shaidu, ka tara 'ya'yanka ka faɗa musu da bakinka, ka kai takardun Hukumar Zakka da Hubusi ta Jihar Kano ta san da shi.

TAMBAYA: Anti, ni ce ke kula da shafin Facebook na wani gidan marayu. Na lura idan na sa hoton yaro yana kuka ko da yagaggiyar riga, kuɗi na shigowa sosai. Idan na sa suna wasa cikin tsafta, ba mai turo ko sisi. Zuciyata ba ta kwanta ba, amma muna buƙatar kuɗin.
'Yarki, Bauci

AMSA: 'Yata, ki bi zuciyar nan taki. Akwai wata yarinya a gidanmu, tana aji biyu na ƙaramar sakandare, wata rana ta dawo daga makaranta ta shige ɗaki ta ƙi cin abinci. Sai da uwar ɗakinsu ta yi ta lallashi har dare kafin ta faɗi abin da ya faru. Wani baƙo ne ya ɗauke ta bidiyo tun tana ƙarama, tana riƙe da kwano, yana cewa jama'a ku dubi halin da bayin Allah nan suke ciki. Bidiyon ya yi ta yawo har ya faɗo wayar yayan wata 'yar ajinsu. Ranar a filin makaranta da "mai kwano" aka riƙa kiranta. Buhun shinkafar da baƙon ya kawo an cinye shi a mako biyu. Bidiyon yana nan har gobe, kuma yarinyar nan wata rana za a zo neman aurenta.

Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta ba kowane yaro haƙƙin mutunci da na sirrinsa, aya ta 264 a Suratul Baƙara kuma ta hana mu ɓata sadaka da gori da cutarwa. Yaron da ba shi da uban da zai ce a'a, ku ne za ku faɗa a madadinsa.

Ba na musun abin da kika lura da shi. Hoton kuka yana kawo kuɗi, amma irin na tausayin minti ɗaya, mutum ya tura dubu ɗaya ya wuce. Ki gwada wani abu: "Muna buƙatar benci 20, kafinta ya ce kowane naira kaza." Bayan mako biyu ki sa hoton bencinan da rasit. Ki ɗauki hannun yaro yana rubutu, sito bayan an sauke kaya, aji daga baya, sakamakon jarrabawa an rufe sunaye. A farko kuɗin za su ragu, kada ki karaya. Wanda ya ga bencin da ya saya zai sake bayarwa ba tare da an roƙe shi ba. Sannan ku rubuta doka a bakin ƙofa: baƙo ba ya ɗaukar fuskar yaro, kuma ba a fito da yara daga aji a jera su a rana su yi wa mai kawo kaya waƙa.

TAMBAYA: Hajiya, na gaji fili da wasu kuɗi daga mahaifina. A ƙaramar hukumarmu 'yan bindiga sun kashe magidanta da yawa, marayu sun yi yawa. Ina so in gina gidan marayu. Ta ina zan fara?
Maman Sadiƙ, Jihar Zamfara

AMSA: Allah ya jiƙan mahaifinki, ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Ki fara da littafi da biro, kafin bulo. Ki nemi mai unguwa da liman da wata dattijuwa da ta san gidaje, ku bi unguwa biyu ko uku ku rubuta: yaro, shekarunsa, wa ke riƙe da shi, yana zuwa makaranta ko ba ya zuwa, me ya hana. Abin da za ki tarar shi ne yawancinsu suna da uwa, ko kaka, ko baffa. Ba a nan kaɗai ba. Ƙungiyar Save the Children ta fitar da rahoto a 2009 cewa aƙalla huɗu cikin biyar na yaran da ke gidajen marayu a duniya suna da uwa ko uba a raye, talauci ne ya kai su. A shekarar ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idojin da suka ce talauci kaɗai bai isa dalilin raba yaro da danginsa ba.

Ni da nake hidimar gidan yara nake faɗa miki wannan. Matar da aka kashe mata miji, idan kika buɗe gida mai abinci sau uku, za ta kawo miki 'ya'yanta tana hawaye, ba don ba ta son su ba. Kin ƙara mata rashi a kan rashi. Kuɗin da za ki kashe a kan yaro ɗaya a gidan kwana, da masu raino da mai gadi da mai dafa abinci da katifa da gidan sauro, zai riƙe yara da dama a ɗakin uwarsu.

Ki dubi abin da Barista Zannah Mustapha ya yi a Maiduguri. A 2007 ya buɗe makarantar Future Prowess da yara 36. Karatu kyauta, da kayan makaranta, da abinci, da magani, daga baya kuma ya karɓi 'ya'yan waɗanda rikicin Boko Haram ya kashe daga kowane ɓangare, ya zaunar da su aji ɗaya. Bai tsaya kan yaran ba, ya haɗa iyayensu mata a ƙungiya suna sana'a. A 2017 hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar yabo ta Nansen. Filinki zai iya zama irin wannan: makarantar jeka-ka-dawo mai abincin rana, da rumfa a gefe inda iyaye mata za su koyi ɗinki ko matsar man gyaɗa, a ba su jari.

Akwai yaran da gida ya zame musu dole, jaririn da aka tsinta, ko yaron da aka nemi danginsa aka rasa. Idan kin ga za ki karɓi irin waɗannan, kada yaro ko ɗaya ya kwana a wurinki sai kin yi rajista da Ma'aikatar Harkokin Mata ta jiha, kuma kowane yaro ya shigo da takardar jami'in walwala ko ta 'yan sanda. Ki buɗe wa kowa fayil: inda aka same shi, ranar, wa ya kawo shi, sunan mahaifi da garinsu in an sani. Aya ta 5 a Suratul Ahzab ta ce a kira su da sunan ubanninsu. Yaron zai girma ya tambaya.

TAMBAYA: Hajiya, ina zaune a Kumasi, ina son in riƙa aika wa wani gidan marayu da na gani a intanet taimako a Najeriya. Yaya zan gane na gaskiya ne?
Ɗan'uwanku, Zangon Kumasi

AMSA: Malam, ka nemi lambar rajistarsu ta CAC, ana iya duba sunan a shafin hukumar. Ka nemi takardar rajistarsu da Ma'aikatar Harkokin Mata ta jiha, da lissafinsu na wata ukun da suka wuce. Idan lambar asusun da suka ba ka sunan mutum ce ke fitowa, ka dakata. Sannan ka sa wani naka ya je ba tare da sanarwa ba, ranar karatu da hantsi, ya ga ko akwai malami a aji, ya leƙa madafa. Masu gaskiya ba sa jin haushin wannan. Kuma ka waiwaya nan zango, marayun maƙwabtanka su ma suna da haƙƙi a kanka.

TAMBAYA: Hajiya, ni ce shugabar makarantar wani gidan yara. Wani bawan Allah ya ba mu naira miliyan 3, ya ce a sayi kwamfutoci. Wuta sai ta yi kwana biyu ba ta zo ba, kuma a ajinmu na huɗu fiye da rabi ba sa iya karanta jimla. Zan iya juya kuɗin zuwa abin da muka fi buƙata?
Malama, Zariya

AMSA: Malama, ba da kanki ba. Sharaɗin mai bayarwa amana ne, kuma ranar da ya zo ganin kwamfutoci ya tarar da wani abu, ba zai tsaya sauraron dalili ba, zai kuma faɗa wa abokansa. Ki koma wurinsa, amma da takarda a hannu.

Ki gwada yaran ɗaya bayan ɗaya, a keɓe, da Hausa: wa ke gane baƙaƙe, wa ke haɗa kalma, wa ke karanta sakin layi. A lissafi ma haka. Ki rubuta adadi kawai, ba suna. Ki kai masa ki ce, Alhaji, ga yara 30, ga waɗanda ke iya karatu. Kwamfuta ba ta da amfani ga wanda bai san baƙi ba. Abin da ke gyara wannan sananne ne kuma ba shi da tsada: a raba yara bisa matakin da suke, ba bisa ajinsu ba, a ware awa ɗaya ko biyu kullum, a fara da harshen da suke ji. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta fito da tsarin, an kuma yi aiki da shi a Borno da Kano. Shirin RANA ma ya koyar da karatu da Hausa a ƙananan ajujuwan firamare a Katsina da Zamfara. Abin da ake buƙata malami ne da ake biyansa a kan lokaci, da littafi a hannun kowane yaro. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan ya koma naira 70,000 tun 2024. Ki duba abin da kuke ba malamanku, za ki gane dalilin da ya sa nagari ba sa daɗewa.

Ki kuma sa masa wasu abubuwa biyu a takardar, don su ne ake mantawa. Na farko kuɗin WAEC da NECO da JAMB. Lokacinsu sananne ne duk shekara, amma kullum sai a wayi gari ana bara saura kwana uku a rufe rajista. A ƙirga yaran da za su zana, a raba kuɗin gida 12, a riƙa ajiyewa. Na biyu ranar fita. Yaron da ya kai shekara 18 yana buƙatar kuɗin makarantar gaba ko kayan sana'a, keken ɗinki ko akwatin kayan gyaran waya, yarinya kuma in aure ya zo sai an yi mata kayan ɗaki. Manyan yaran kuwa ba sai kun buɗe musu sakandare ba. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne a makarantun gwamnati. Ku kai su can su zauna da 'ya'yan gari, ku ɗauki nauyin yunifom da littattafai da kuɗin mota da darasin yamma.

Idan ya amince, ki sa ya rubuta miki amincewar ko da saƙon waya ne, ki ajiye a fayil. Idan ya ce shi dai kwamfuta, to ki roƙe shi a rage yawansu: a sayi biyar masu ɗaukar caji, sauran kuɗin a sa sola da batir, a yi wa ɗakin ƙofar ƙarfe, a ware alawus na shekara guda ga wanda zai koyar, a fara da 'yan aji biyar da shida da suka riga suka iya karatu.